Daren Da Aka Rage Wa Olajuwon Guda Ɗaya

A wannan wata za mu ɗan leƙa filin wasa, domin mun lura samarinmu na zango sun ɗauko sabuwar gardama. Da can ƙwallon ƙafa kaɗai ake musu a kanta. Yanzu kuwa in ka bi ta teburin mai shayi da safe, sai ka ji ana ta kiran sunayen 'yan ƙwallon kwando na Amurka, kowa riƙe da waya yana karanto lissafi: wane ya ci maki kaza daren jiya, wane bai kamo ƙafarsa ba, shi ke nan magana ta ƙare. Galibinsu ba su ga wasan ba, don lokacin da ake bugawa a can mu nan muna barci. Alƙaluman kawai suka gani. To, son lissafi ba laifi ba ne, amma ya kamata su san yadda alƙaluman nan ke shiga takarda.

A gasar NBA, bakin filin akwai tebur, a teburin akwai masu rubutu. Abubuwa biyar ne manya da suke ƙirga wa kowane ɗan wasa cikin minti 48 na wasa: makin da ya ci, ƙwallon da ya cafke bayan an jefa ta ƙi shiga, ƙwallon da ya miƙa wa abokinsa har abokin ya ci, wadda ya ƙwace a hannun abokan gaba, da kuma wadda ya kaɗe tana kan hanyarta ta zuwa kwando. Wanda ya kai goma a fanni biyu ya yi ƙoƙari. A fanni uku, sai a yi ta zancensa. Goma-goma a fanni huɗu cikin dare ɗaya kuwa, wannan sai wane da wane.

Ran 3 ga Maris 1990, ƙungiyar Houston Rockets ta kara da Golden State Warriors. Jigon Houston shi ne Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda a lokacin ake rubuta sunansa Akeem, don sai a 1991 ya gyara rubutun. Yana yaro gola ne a ƙwallon ƙafa, kuma wanda ya taɓa ganin yadda yake kaɗe ƙwallo ba zai yi mamakin haka ba. Da aka tashi, takardar wasa ta nuna ya ci maki 29, ya cafke 18, ya kaɗe 11, ya miƙa 9. Saura ƙiris, guda ɗaya tak.

Sai kocin ƙungiyar, Don Chaney, da jami'inta na hulɗa da 'yan jarida suka zauna suka sake kallon kaset ɗin wasan. Suka ce sun gano wata ƙwallo da ya miƙa wadda masu rubutu suka tsallake. Aka gyara takarda, 9 ta koma 10, aka sanar wa duniya. Amma hedkwatar NBA ta nemi a kawo mata kaset ɗin, ta duba, ta ce ba ta yarda ba. Aka mayar da 9 inda take, kuma haka take a littafi har gobe.

Nan ne ya kamata mu tsaya kaɗan. Me ya sa a kan miƙa ƙwallo aka yi jayayya, ba a kan maki ba? Dalili shi ne maki ba ya bukatar ra'ayin kowa: ko ƙwallo ta shiga kwando ko ba ta shiga ba. Miƙawa kuwa hukunci ne. Ka ba abokinka ƙwallo, ya buga ta a ƙasa sau biyu, ya kauce wa mutum ɗaya, ya jefa ta shiga. Kai ka buɗe masa hanya, ko shi ya nema wa kansa? Mai rubutu ne zai yanke, cikin ƙiftawar ido, alhali wasa na ci gaba. Wani mai rubutun hannunsa a sake yake, wani kuma mai tsanani ne. Bugu da ƙari, masu rubutun nan mutanen ƙungiyar da ke karɓar baƙi ne. Saboda haka 10 ɗin wani gari tana iya zama 8 a wani garin, ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Mu da ke aikin koyarwa mun san wannan hali sarai. Yaro ya ci 49, ana bukatar 50. Uba ya zo har gida, ya gaisa, ya ce, “Malam, a dai ƙara dubawa.” In ka sake duba takardar da niyyar samo maki ɗaya, wallahi za ka samo shi, domin ido na ganin abin da aka aike shi nema. Amma wa ya taɓa zuwa ya ce a sake duba takardar da ta ci 72? Ba mu ce mutanen Houston sun yi maguɗi ba. Abin da muke cewa shi ne, ba don an tsaya a 9 ba, da babu wanda zai kunna kaset a daren nan. A ganinmu NBA ta yi daidai, ko da yake abin bai yi wa masoyan Olajuwon daɗi ba, mu ma muna cikinsu.

Kwana 26 bayan haka, ran 29 ga Maris, Houston ta gamu da Milwaukee Bucks. Olajuwon ya ci maki 18, ya cafke 16, ya miƙa 10, ya kaɗe 11.

Mutum huɗu ne NBA ta amince sun yi wannan bajinta: Nate Thurmond a 1974, Alvin Robertson a 1986, Olajuwon a 1990, sai David Robinson a 1994. Amma kafin wani yaro ya tashi ya ce to waɗannan su ne gwanayen gwanaye, bari mu ƙara masa wani abu. Sai a kakar wasa ta 1973 zuwa 1974 aka fara ƙirga kaɗewa da ƙwacewa. Bill Russell ya bar wasa a 1969, Wilt Chamberlain a 1973. Waɗanda suka gan su sun shaida cewa kaɗe ƙwallo sana'arsu ce, amma a littafi ba su da ko ɗaya. Olajuwon ne ke riƙe da kambin kaɗewa, da guda 3,830, kuma ya cancanta. Sai dai kambin na waɗanda aka ƙirga wa ne kawai.

Akwai kuma abin da ake rubutawa daidai, amma takarda ba ta iya faɗin nauyinsa. A wasan ƙarshe na 1994 Houston ta haɗu da New York Knicks, inda wanda ya riga cin wasa huɗu shi ne zakara. New York na gaba da 3 da 2. A wasa na shida, saura 'yan daƙiƙu a tashi, Houston na da 86, New York na da 84. Ƙwallo na hannun John Starks, wanda hannunsa ya yi zafi a wannan dare. Ya ɗaga daga nesa, wurin da ake cin maki uku. Da ta shiga, da kofi ya tafi New York. Olajuwon ya taso ya taɓa ta da kan yatsunsa, ta faɗi ba ta kai ba. Mai rubutu ya ƙara masa kaɗewa ɗaya, daidai da wadda za a ƙara wa wanda ya kaɗe a minti na farko. Bayan kwana uku Houston ta ci wasa na bakwai da 90 da 84, ta ɗauki kofinta na farko.