Gidan haya ba bijimi ba ne, a duba kafin a zuba kuɗi

Tun lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ba sai Disamba na 2020, magana guda ake ta yi a rumfunan tike daga Maraɗi har Ƙonni: wai a bar wahalar hanya, a gina gidan haya, a kwanta ana karɓar kuɗi duk ƙarshen wata. Da aka sake rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli na 2023, sannan aka hana fitar da dabbobi gabanin Layya ta 2025, sai maganar ta ƙara ƙarfi. Mu ba mu ce gidan haya banza ne ba. Gida ba ya kamuwa da ciwon huhu, ba a kora shi daji da dare, fari irin na 1984 ba ya kashe shi. Abin da muke cewa shi ne, kada mutum ya taɓa uwar kuɗinsa ta fatauci don ya yi gini.

Dalili kuwa a fili yake. In buƙata ta taso, ka kama sa ka kai kasuwa da safe, kafin la'asar kuɗi na aljihunka. Gida fa? Sai ka yi wata shida kana bin dillalan gidaje, kuma da masu saye sun ji kana cikin matsi, to, sai yadda suka taya. Bafataken da ya mai da jarinsa bulo da siminti, ranar da hanya ta buɗe, kasuwa ta yi kyau, sai dai ya tsaya yana kallon wasu suna lodi. Gini da riba ake yin sa, ribar ma wadda ta kwana ta tashi ba a neme ta ba.

Yanzu bari mu yi lissafi, irin wanda muke yi kafin mu ɗauki mota zuwa Legas. A ce misali gida ya ci miliyan 15 na sefa, fili da gini, yana da sassa 4, kowane ana biyan jika 25 a wata. Mai gaggawa zai ce jika 100 sau 12, miliyan ɗaya da jika 200 ke nan a shekara. Ina! Shekarar mai gidan haya wata 10 ce. Wani ya tashi ɗaki ya zauna babu kowa, wani matarsa ta haihu ya ce a yi masa haƙuri, wani kuma ya sulale da dare da bashin wata uku. Daga abin da ya rage a cire gyaran kwano da indararo kafin damina, da kwashe shadda, da fenti in sabon ɗan haya zai shiga, da haraji, da la'adar mai karɓar kuɗi. In jika 900 ta tsira, an gode Allah. Wato sai an shekara kusan 17 kafin gidan ya mayar da abin da ya ci. Wanda wannan lissafi ya yi masa, bismilla. Amma ya sani ajiya ya yi don tsufa da 'ya'ya, ba fatauci ba.

Wani abin mamaki, mutumin da ba ya sayen karsana sai ya buɗe bakinta ya ga haƙora, ya sa an kora ta ya ga tafiyarta, shi ne zai sayi gida ta waya yana Mai'aduwa. Ai ba a cinikin biri a sama. Lokacin duba gida watan Agusta ne, ana tsakiyar ruwa, ba rani ba. Mun ga abin da ruwan 2024 ya yi a Maraɗi, mun ga tsohon masallacin Damagaram ya faɗi a damina guda ɗin. A je bayan an ɗauke ruwa, a ga inda yake kwanciya, a dubi gindin bango, a tambayi maƙwabta, ba mai sayarwa ba. Sannan takarda. A kai ta ofishin magajin gari a tabbata sunan da ke jikinta shi ne na littafinsu. In gidan gado ne, kada a ba da ko dala sai duk magada sun sa hannu, har matan da ke aure a wani gari. Rigimar da takan tashi bayan shekara goma, galibi daga nan take fitowa.

Akwai kuma tambayar da ta shafe mu mu kaɗai, masu ƙafa ɗaya nan ɗaya can: a wane gefen iyaka za a gina? Manyanmu sun tuna Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Mu kuma mun ga naira, wadda a watan Mayu na 2023 gwamnati ke sayar da dalar Amurka kusan 460, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta wuce 1,500. Wanda iyalinsa ke Maraɗi gidan hayarsa na Katsina, kuɗin hayar bai ragu a takarda ba, amma da ya kai wa 'yan canji sai ya ga hatsin da yake saye a da ya gagara. A ganinmu, a gina inda ake cefane, inda kuma ƙafa za ta iya kaiwa ko an rufe hanya.

Sai babbar matsala, wato riƙon gidan. Mu matafiya ne, rabin wata muna bisa hanya. Yawancinmu ƙane ko ɗan ɗaki muke bar wa, ba lada, ba littafi, shi kuma ya riƙa taɓawa yana cewa zai mayar, kunya ta hana a tambaye shi. Gara a yanka masa ladansa a fili, a ba shi littafi, a zauna da shi duk wata uku. Haka ɗan uwan da ya ce a ba shi ɗaki kafin ya samu wuri: in sadaka ce a ce sadaka ce tun farko, a cire ɗakin daga lissafi. Da kowane ɗan haya a yi yarjejeniya a rubuce gaban shaidu biyu, a faɗi kuɗi, da ranar biya, da wanda gyara ke kansa, da yadda za a raba kuɗin wuta da ruwa in mita ɗaya ce. Tun a Islamiyya aka koya mana cewa haya ba ta inganta sai an san lada an san wa'adi, kuma rubuta bashi ba rashin yarda ba ne.

Masu tambayar zakka kuma, abin da muka karanta shi ne gidan da aka gina don haya ba a fitar da zakka a kan shi kansa, sai a kan kuɗin hayar in sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo suna hannu. Wanda ya sayi gida da niyyar sayarwa in ya yi tsada, hukuncinsa daban ne, ya je ya zauna da malaminsa kafin watan da ya saba fitarwa ya kama.