Safar damtse ta masu aikin ƙarfe da gilashi: an samu ci gaba, amma ba kowace ke dacewa da kowane aiki ba

Safar hannu ta aiki tana tsayawa ne a wuyan hannu. Daga nan zuwa gwiwar hannu fata ce a buɗe, kuma nan ne bakin kwanon rufi ko gefen gilashi ke tsagewa idan ma'aikaci ya rungumo kaya. Wannan gurbi ne safar damtse ke cikewa, wadda ake kira manchette a takardun Faransanci: doguwar safa ce da ake zurawa daga wuyan hannu har damtse. A shekarun baya-bayan nan an sauya zaren da ake saƙa ta da shi, an kuma sauya yadda ake gwada ƙarfinta.

Zare biyu ne suka mamaye kasuwar. Na farko shi ne Kevlar, wanda masaniyar kimiyya Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont na Amurka a 1965. Launinsa rawaya ne, ba ya narkewa, kuma yana jure zafin da ya haura maki 400. Na biyun zaren roba ne mai tsauri da ake kira HPPE, wanda aka fi sani da sunan Dyneema na ƙasar Holan. Shi ba ya da nauyi, yana da sanyi a jiki, amma yana narkewa a wajajen maki 150. Don ƙara musu ƙarfi, masana'antu suka riƙa cuɗa su da zaren gilashi ko siririyar wayar ƙarfe.

Wannan cuɗawar ce ta tona asirin tsohon gwaji. A ƙa'idar Turai mai lamba EN 388, ana ɗora wata wuƙa mai zagaye tana birgima gaba da baya a kan yadin, a ƙirga sau nawa ta wuce kafin ta huda. To amma gilashi da ƙarfen da ke cikin zaren suna dakushe wuƙar tun gwajin bai yi nisa ba, sai sakamakon ya daina nuna gaskiyar ƙarfin yadin. Safa biyu kan iya fitowa da maki 5, mafi girma, alhali a hannun ma'aikaci tazarar da ke tsakaninsu babba ce. A 2016 aka gyara ƙa'idar, aka shigo da gwajin ISO 13997: miƙaƙƙiyar reza sabuwa a kowane yanka, a auna nauyin da ake buƙata kafin ta ratsa. Sakamakon na fitowa da harafi, daga A zuwa F. Harafin A na nufin yadin ya jure kusan giram 200, F kuma kusan kilo 3. A shekarar ce Amurka ma ta sauya tata ƙa'idar zuwa matakai tara, daga A1 zuwa A9.

Ga mai saye, amfanin a fili yake. A ƙarƙashin tambarin EN 388 akwai lambobi huɗu, sai harafi. Harafin ne abin dubawa. Idan X aka gani a gurbinsa, ba a yi wannan gwajin ba.

Sauran gyare-gyaren na jin daɗin sawa ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Saƙar ta ƙara laushi da sirantaka, an yi ramin babban yatsa don kada safar ta zame ta bar wuyan hannu a buɗe, wasu kuma an cire musu zaren gilashi da ke karyewa yana sa ƙaiƙayi. A Yamai ko Tawa, inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce maki 40, safar da ke dafa hannu ƙarshenta a rataye take a jikin ƙusa, komai girman harafinta.

Sai dai akwai inda sabon kayan ke zama haɗari. Mai walda da ya sayi safar HPPE don ta fi sanyi ya ɗauko wa kansa matsala, domin tartsatsi zai narkar da ita a kan fatarsa. Shi fata ko Kevlar ya kamace shi. Kevlar ɗin ma yana da lagonsa: hasken rana na raunana shi a hankali, ruwan javel kuma yana cinye shi, don haka wanki da shanya irin na sauran tufafi na rage masa kwana. Mai aiki kusa da injin da ke juyawa, kamar injin niƙa ko na huda ƙarfe, nasa ya fi muni. Yadin da ba ya yagewa, idan injin ya cafke shi, da hannun zai tafi. Sannan jure yanka daban, jure suka daban: tsinin waya ko ƙusa na iya bi ta ramukan saƙar.

A Nijar, dokar ƙwadago mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumbar 2012 ta ɗora wa mai aiki nauyin kare rai da lafiyar ma'aikatansa, asusun CNSS kuma shi ke ɗaukar nauyin haɗarin aiki ga waɗanda aka yi wa rajista. Wannan tsari ya fi kama manyan wurare irin su matatar man SORAZ ta Damagaram, masana'antar siminti ta Malbaza da ma'adinan Arlit. Amma masu yankan kwano da maƙeran kasuwar Katako, masu haɗa tagogin gilashi a Maraɗi, da yaran da ke koyon aiki a hannunsu, galibinsu ba sa cikin rajistar. Idan jijiyar yatsu ta yanke a damtse, kuɗin ɗinki da makonnin zaman gida daga aljihun mutum suke fita, wani lokaci kuma riƙon hannun ba ya komawa yadda yake.

A irin waɗannan wurare maigidan shago ne ke yanke shawara, kuma abin da ya tarar a kasuwa shi zai saya. Tambarin CE da aka buga a leda ba ya isa hujja, tun da buga shi ba wuya. Safar kirki tana zuwa da sunan kamfanin da ya yi ta, lambar ƙa'ida, harafin yanka da takardar bayani. Ta roba mai santsi da ƴan kabu-kabu ke sawa kuwa, duk da kamar da suke yi, maganin rana da ƙura kawai take yi.