'Yan Uwa Ɗalibai, Tarihi Ba Kwas Ɗin Jira Ba Ne

Duk shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen sabbin ɗalibai, akan ga wasu 'yan uwa jiki a sanyaye kamar an yi masu rasuwa. Sun nemi karatun Lauya ko Aikin Jarida, sai aka tura su Tarihi, ko Hausa, ko Larabci, ko Nazarin Zamantakewa. In aka yi wa ɗayansu barka sai ya ce, "Ai na jira ne, baɗi zan sake JAMB." A haka zai cinye aji ɗaya, gangar jiki a ɗakin lakca, zuciya a wani sashen. Ana saura kwana uku jarrabawa ya ari littafin wani ya haddace. Baɗin ta zo, canjin bai samu ba, tushen karatun kuma ya riga ya wuce shi.

Wannan hasara ce babba, kuma ta fi ciwo ga wanda ya fito daga Islamiyya, domin shi ne ya shigo da guzurin da sauran 'yan ajin ba su da shi, amma bai sani ba.

A ɗauki Tarihi. Abin da ake fara koya wa ɗan aji ɗaya shi ne yadda ake auna labari: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, a gaban wa, kuma me zai samu in an yarda da shi? To, ɗan uwan da ya zauna gaban malam ya ji bambancin isnadi da matani, ya san cewa ana bincikar mai ruwaya kafin a karɓi ruwayarsa, ina baƙon abu a nan? Malam Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya rubuta Muƙaddima a 1377, kuma ya buɗe ta ne da tone kurakuran marubuta tarihi. Har Mas'udi bai ƙyale ba, a kan labarin cewa mayaƙan Banu Isra'ila sun kai 600,000 a zamanin Annabi Musa (AS). Ya kwatanta adadin da rundunar Farisa, wadda ta fi su girman daula nesa ba kusa ba, ya duba 'yan kakannin da ke tsakanin Annabi Yaƙub (AS) da Annabi Musa (AS), ya ce lissafin bai hau ba. Ilimin zamantakewar da ya tsara a littafin ya riga Auguste Comte na Faransa, wanda za a ce wa ɗalibi shi ne uban fannin, da fiye da shekara 400. Ɗalibin da ya yi barci a lakcar farko, da wane baki zai ɗaga hannu ya kawo wannan?

Kuma in ɗan gida ya raina fannin, wani ne zai rubuta masa labarin gidansu. A 1963 wani shehin malamin Jami'ar Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya fito fili ya ce Afirka ba ta da wani tarihin da za a koyar in ban da na Turawan da suka shige ta. Ba da zagi aka rushe wannan magana ba, da takardu aka rushe ta. Abdullahi Smith, Baturen da ya musulunta, ya jagoranci Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962, ya kuma kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Murray Last ya tare a Sakkwato wajen Waziri Junaidu yana bin rubuce-rubucen Larabci na masu jihadi, abin da ya haifi littafinsa kan Daular Usmaniyya a 1967. Dakta Yusufu Bala Usman ya bi garuruwa da ƙauyukan ƙasar Katsina yana jin bakin dattawa, ya haɗa da takardu, littafinsa ya fito a 1981.

Abin lura, su Smith da Last sai da suka sha wahalar koyon Larabci da girmansu. Ɗan uwan da ya karanci Ahalari da Ishmawi tun yana yaro, yake iya karanta ajami, shi ne yau yake cewa an jefa shi kwas ɗin banza! Ga Infaƙul Maisur na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ga Tazyinul Waraƙat na Malam Abdullahi na Gwandu, ga waƙoƙin Nana Asma'u cikin Larabci da Fulatanci da Hausa, waɗanda sai a 1997 wasu Turawa mata biyu, Jean Boyd da Beverly Mack, suka tattara su a kundi guda. Ban da waɗannan akwai tarin takardu a Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da wasu a gafakokin malamai cikin zaure, gara tana yi masu ɓarna.

Za a ce ina aiki bayan an gama? Tambaya ce ta gaskiya, domin iyaye sun kashe kuɗi, ƙanne suna jira. Babu mai yi wa ɗan uwa alkawarin ofis. Sai dai kowa ya san masu digirin Injiniya da ke tuƙa Keke Napep, don haka sunan kwas bai tsare kowa daga zaman kashe wando ba. Kuma an cire Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a shekarar karatu ta 2009/2010, har sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da mayar da shi. Wa zai koyar? Wanda ya haddace littafin aro?

Wasu kuma tsoronsu su Karl Marx da Freud, wai za su lalata aƙida. Lallai za a ji abin da bai yi daɗin ji ba. Amma wanda ya gudu daga lakca bai tsira ba, domin zai haɗu da ra'ayoyin a jarida da waya ba tare da ya san daga ina suka taso ba. Gara ya zauna a layin gaba, ya rubuta hujjar mutum kamar yadda mai ita ya kafa ta, sannan ya kai wa malaminsa na zaure su warware ta tare bayan Magariba.

Mai son sake JAMB ya sake, babu laifi. Amma kafin sakamako ya fito, ya yanki katin laburare a makon farko, ya nemi fassarar Muƙaddima ko asalinta na Larabci, in hutun zango ya zo kuma ya tambayi dattijon unguwarsu ko akwai tsofaffin takardu a gidan, ya nemi izinin ɗaukar hotonsu.