Sharhi: Dokar ɗaura bel da matsalar lodin fasinja

Tun a shekarar 2003 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta fara tilasta ɗaura bel a mota, kuma dokar hukumar ta 2007 ta tanadi tarar Naira 2,000 ga wanda ya saɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel na rage haɗarin mutuwa da kusan rabi.

Sai dai a tashoshi da dama, fasinja biyu ake cusawa a kujerar gaba mai bel ɗaya, huɗu a baya. Wasu direbobin kuwa sai sun hango jami'ai suke rataya nasu.

Muddin ƙungiyoyin direbobi ba su hana lodin wuce kima ba, fasinjoji kuma suka ci gaba da amincewa da shi, tara kaɗai ba za ta ceci rayuka ba.