Kada farfaɗiya ta raba yaro da makaranta

Ana tsaka da darasi sai yarinya ta zame daga benci ta faɗi. Jikinta ya sandare, sannan ya shiga jijjiga, kumfa na fita daga bakinta. Yara suka watse da ihu. Malami ya ja baya yana salati, wani ya ruga neman cokali, wata ta ce a kawo ruwa a watsa mata. Bayan minti biyu jijjigar ta lafa. Washegari babu wanda ya yarda ya zauna kusa da ita, kafin ƙarshen zango kuma iyayenta suka ce ta zauna a gida.

Irin wannan labari ba baƙo ba ne a makarantun boko da na Islamiyya a ƙasar Hausa. Faɗuwar ba ta wuce 'yan mintoci, amma tsoro da kunyar da ke biyo bayanta kan cinye karatun yaro ɗungurungum. Wannan asara ce da ake iya kauce mata, kuma malamin aji ne ya fi kowa damar hana ta.

Farfaɗiya cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta hanyar lantarki, idan saƙon ya rikice na ɗan lokaci sai jiki ya ƙwace wa mai shi. Ba a ɗaukar ta ta yawu ko kumfa, ko taɓa mai ita, ko cin abinci kwano ɗaya da shi. Daga cikin abubuwan da ke jawo ta akwai wahalar haihuwa da ke hana jariri isasshen numfashi, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da buguwar kai a haɗarin babur ko mota. Duk waɗannan sanannu ne a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, yankin da sanƙarau ke yawan ɓulla a lokacin zafi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 kuma suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Hukumar ta ce har kashi 70 cikin 100 na iya daina faɗuwa idan aka gano cutar kuma aka ba su maganin da ya dace. Ke nan yawancin yaran da ake ɓoyewa a gida za su iya zama a aji su rubuta jarrabawa tare da sa'o'insu.

Abin da ake buƙata daga malami a lokacin faɗuwa bai fi a koya cikin awa ɗaya ba. Ya natsu, ya duba agogo. Ya janye benci da duk abin da zai ji wa yaron ciwo, ya sa hula ko mayafi a ƙarƙashin kansa, ya sassauta masa wuyan riga. Ya kwantar da shi ta gefe domin yawu ya zubo waje. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, domin ba zai haɗiye harshensa ba, cokalin ne ma zai iya karya masa haƙori. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada a turara masa hayaƙi. Idan jijjigar ta wuce minti 5, ko ta dawo kafin ya farfaɗo, ko ya ji rauni, ko kuma wannan ne karon farko, sai a garzaya da shi asibiti.

Bayan ya farfaɗo yakan tashi a gajiye, a ruɗe, wani lokaci ya yi fitsari a wando. A nan mutuncinsa yake hannun malami: a suturta shi, a kore 'yan kallo, kada a bari wani ya ɗauke shi a waya. Yadda malami ya yi a gaban yara, haka za su riƙa yi.

Akwai kuma nau'in da ba a faɗuwa. Yaro zai yi zuru na 'yan daƙiƙoƙi, a kira shi bai ji ba, sannan ya dawo kamar ba abin da ya faru. Yakan sha bulala a kan rashin mai da hankali, alhali likita yake buƙata.

Iyaye da dama suna ɓoye cutar saboda gudun gori, ga 'ya mace kuma har da fargabar rasa mijin aure. Damuwarsu gaskiya ce, amma ɓoyewar tana jefa yaro cikin haɗari, domin malamin da bai sani ba zai iya aika shi ɗibar ruwa a rijiya, ko a makarantar kwana a ba shi gadon sama. Ya kamata su sanar da shugaban makaranta, su kuma tsare shan magani kullum, domin yanke shi farat ɗaya kan dawo da faɗuwa mai tsanani. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Wasu masu makarantu kan ce idan suka riƙe irin wannan yaro sauran iyaye za su kwashe nasu. Maganin wannan shi ne a yi bayani a taron iyaye da malamai, a gayyato ma'aikacin lafiya daga asibitin unguwa. Korar yaron kuwa zalunci ne, kuma koya wa sauran ɗalibai ne cewa mara lafiya abin gudu ne.

Ana bikin ranar farfaɗiya ta duniya a Litinin ta biyu ta watan Fabrairu kowace shekara. Hukumomin ilimi na jihohi da kwalejojin horar da malamai za su iya amfani da ita su sa wannan taimakon gaggawa cikin horon kowane malami, a kuma manna matakan a bangon kowane aji da Hausa. Kuɗin da za a kashe kaɗan ne, abin da za a ceto kuwa karatun yaro ne.