Takardarmu Tana Teburin Wa?

Duk wanda ya tashi a Anka ko Gummi ko Bukkuyum ya sha jin labarin kakanninmu da suka je Makka da ƙafa. Sukan shekara biyu ko uku, wani ma bakwai, suna noma da ɗinki a hanya, ta Barno da Wadai da Darfur, har su kai bakin teku a Sawakin. Jira ne mai tsawo, amma kowace safiya alhajin ƙafa ya san garin da ya kwana, ya kuma san wanda ya nufa. Mu jikokinsu da muka yi boko, jirgin sama yakan kai mu Jidda cikin 'yan sa'o'i, amma sai mu yi wata uku muna jiran fasfo ba mu san teburin da takardarmu ta kwana ba.

Hukuma dai ta yi alkawari. A 2021 Ministan Cikin Gida Rauf Aregbesola ya yanka wa'adi: mako shida ga sabon fasfo, mako uku ga sabuntawa. Shekara biyu bayan haka, Minista Olubunmi Tunji-Ojo ya tarar da fasfo fiye da 200,000 jibge ba a buga ba, ya sa aka kammala su cikin kimanin mako uku. Mun yaba. Sai dai aikin da ya yiwu cikin mako uku, me ya hana shi yiwuwa tun da fari? Kuɗin kuwa bai yi jira ba. Fasfo mai shafi 32 ya koma naira 50,000 a Satumba ta 2024, ya zama 100,000 a Satumba ta 2025.

Yana da kyau ɗalibi ya san matakan, domin rashin sani ya fi dare duhu. Za ka cika takarda ta intanet, ka biya, a ba ka rana, ka je Gusau a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Ranar ɗaukar hoton ita ce ta kamata ka riƙe wajen lissafin kwanakinka. Ana kuma gwada bayaninka da na lambarka ta ɗan ƙasa, watau NIN, kafin a buga. A wurin gwajin nan ne yawancinmu muke maƙalewa. Malamin firamare ya rubuta Mamman, takardar sakandare ta ce Mohammed, katin ɗan ƙasa ya ce Muhammadu. Wani an sa masa sunan garinsu a matsayin sunan uba, ya zama Bello Gummi a wata takarda, Bello Garba a wata. Ranar haihuwa kuwa, da yawanmu wai ran ɗaya ga Janairu aka haife mu! Na'ura ba ta san cewa duk mutum ɗaya ne ba. Ta ga bambanci, ta ajiye takarda, ba wanda zai aiko maka. Saboda haka muke ba 'yan'uwa shawara su daidaita sunansu a wurin masu katin ɗan ƙasa kafin su biya ko kwabo.

Ana ce mana akwai shafin da mutum zai duba inda aka kwana. Akwai shi, kuma ci gaba ne. To, amma a watan Satumba na shekarar da aka yi alkawarin mako shida aka rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga. Ko da layi ya dawo, kalma guda ce shafin zai nuna maka, ba ya gaya maka dalili. Sai mutum ya ce zuwa da kai ya fi aike, ya bi hanyar Daki Takwas da Anka da Mayanci, hanyar da iyaye ba sa barci sai sun ji an sauka lafiya, domin kawai a ce masa ya dawo mako mai zuwa. Nan ne dillalai suke cin kasuwarsu, suna sayar wa talaka labarin takardarsa. Ɗalibin da ya sami gurbin karatu a Masar ko Indiya kuwa, biza tana gabansa, jami'ar can ba za ta ɗage ranar rajista dominsa ba.

Abin da muke nema ba mai tsada ba ne. Idan takarda ta tsaya, a aiko wa mai ita gajeren saƙo ta waya, da Hausa, a faɗi dalili da abin da zai gyara. A riƙa sanar da waɗanda fasfonsu ya fito ta sakatariyar ƙaramar hukuma, ba sai sun yi tafiyar banza ba. A kuma turo ma'aikata da na'urarsu Gummi ko Anka lokaci lokaci, musamman gabanin aikin hajji.

Ku kuma 'yan'uwanmu da kuka riga mu kama aikin gwamnati, jiya muna layi ɗaya da ku. Idan mutumin Bukkuyum ya tsaya gaban teburinku da rasit a hannu, ku buɗe fayil ɗin ku karanta masa abin da aka rubuta a ciki, kafin motar ƙarshe ta tashi daga tasha.