Waiwaye: Barimar da na sa wa 'yata ranar Sallah

'Yata ta fari tana da wata uku aka huda mata kunne. A gidanmu Goggo ce mai wannan aiki. Ta gasa allura a wuta, ta murza fatar kunnen har ta yi laushi, ta soka, ta ɗaure zare ta shafa man kaɗanya. Ni ma haka aka yi mini. Zaren kan yi makonni kafin a sa ɗan kunne, amma Sallah ta matso, ni kuma sabuwar uwa, ina son a ga yarinyata fes. Na tsaya wajen wani ɗan koli na sayi 'yar barima mai ƙyalli kamar gwal, kuɗinta bai kai na mudun shinkafa ba. Goggo ta ce, "'Yar nan, ki bari hudar ta warke tukuna." Na ce to, da dare na cire zaren na sa mata barimar.

Ba a yi mako uku ba kunnen ya yi ja, ya kumbura, yana tsatsar ruwa yana yin ɓawo. Yarinya ta kwana tana goga kai a kafaɗata tana kuka. Maƙwabta suka ce jikinta ne ba ya son ƙarfe, yadda mata da yawa ke faɗa game da kansu. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta juya barimar a tafin hannunta ta nuna mini inda ruwan gwal ɗin ya goge. Abin da ke ƙasa gamin ƙarafa ne, a cikinsa akwai wanda ake kira nikal. Gumi da ruwan ciwo suna narkar da shi kaɗan-kaɗan ya shiga ɗanyen nama, garkuwar jiki ta ɗauke shi abokin gaba. Idan ta riƙe shi haka kuwa, ba ta mantawa. Yau yarinyar shekararta 14, amma bakin agogo, ko sarƙar kasuwa, ko maɓallin ƙarfe a jikin tufa, ya isa ya tayar mata da ƙaiƙayi da ƙuraje.

Wannan ne ke ci mini rai har gobe, domin abin sananne ne. Tun 1994 Tarayyar Turai ta yi doka kan nikal a kayan ado, a 2004 kuma ta sa wa abin da ake zura wa huda iyaka mai tsauri: nikal ɗin da yake saki kada ya kai maikirogiram 0.2 a kowane murabba'in santimita cikin mako. A faifan ɗan koli babu takardar da za ta gaya miki me aka haɗa.

Daga baya na koyi karanta lambar da ake bugawa a jikin gwal. 750 karat 18 ne, wato kashi uku cikin huɗu zinariya. 875 shi ne karat 21, irin wanda alhazai kan shigo da shi daga Makka, 916 kuma karat 22. Ƙwararrun masu huda ba sa yarda da abin da ya gaza karat 14 a sabuwar huda, ba sa kuma yarda da mai ruwan gwal ko da ya fi rana haske. Farin gwal ma sai an bincika, don sau da yawa da nikal ake faranta shi. Azurfa tana baƙi idan ta haɗu da danshin ciwo, tana iya barin tabo, a ajiye ta sai an warke. Ƙarfen da ake kira na asibiti, 316L, akwai nikal a cikinsa fiye da kashi goma cikin ɗari. Yawancin mutane na lafiya da shi, irin 'yata ba sa yi. Wanda ya fi kwantar da hankali shi ne taitaniyam, wanda likitoci ke ɗora karaya da shi, mai lambar F136.

Ba zan ce hanyar Goggo ba ta da aibi ba. Zare yana riƙe datti, allurar da aka huda yara biyu da ita kuma tana iya ɗaukar ciwon hanta daga wannan zuwa wancan. Amma a kan jira ita ce da gaskiya. Fatar ƙasan kunne na buƙatar mako shida zuwa takwas. Guringuntsin saman kunne da na hanci, inda 'yan mata ke ƙara huda yanzu, watanni suke ci saboda jini bai cika kai musu ba. Mu baƙar fata kuma mun fi saurin yin tabon nan mai tudu da ke ci gaba da girma bayan ciwo ya rufe.

Da na haifi ƙanwar yarinyar, sai da na yi adashe na sayi 'yar ƙaramar barima ta karat 21, aka huda da sabuwar allura daga cikin leda, ban taɓa cirewa ba har wata biyu. Sallar da ta wuce na shiga kasuwa da babbar. Ta ɗauki wasu 'yan kunne da suka burge ta, ta juya bayansu tana neman lamba. Ba ta gani ba, ta mayar ta ce, "Umma, mu je gaba."